RA'AYINMU: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Ran Laraba, 18 ga watan Nuwamba 1987, da misalin ƙarfe bakwai da rabi na dare, waɗansu fasinjoji suka hangi wuta tana ci a ƙarƙashin wata matakala a tashar King's Cross ta birnin London. Wutar ba ta taka kara ta karya ba, ba ta wuce wadda mutum zai hura ya ji ɗumi da sanyin hunturu ba. Bayan minti goma sha biyar sai ta yi tsiri, ta turnuƙe zauren sayar da tikiti, ta halaka mutum 31. Tun daga ranar masana harkar gobara suke komawa kan waɗannan mintoci goma sha biyar suna nazari, domin a cikinsu akwai kusan dukan abin da ya kamata mai riƙe da amanar jama'a ya sani game da fitar da mutane daga wurin hatsari.

Wani zai ce ina ruwan mujallar ɗalibai da jirgin ƙarƙashin ƙasa, alhali kuwa ba mu da shi? Gaskiya ne, jiragen cikin gari da aka buɗe a Abuja a 2018 da Legas a 2023 a sarari suke tafiya. Amma 'yan'uwanmu da ke karatu a Alƙahira suna shiga irin wannan jirgi, wanda aka buɗe a can tun 1987, haka kuma waɗanda ke London da Paris da Moscow. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, masu karanta wannan shafi su ne gobe za su zauna a ofisoshi, fayil ya zo gabansu, su sa hannu a kan zanen gini da takardar kwangila. Abin da ya faru a King's Cross kuwa a ofis aka shuka shi, shekaru da dama kafin ranar da aka girbe shi.

Bari mu fara da bayanin wurin, saboda wanda bai taɓa gani ba. Tashar ƙarƙashin ƙasa rami ce mai zurfi wadda aka haƙa a ƙarƙashin gari. Mutum ya shiga ta bakin titi, ya sauka zauren tikiti, daga nan ya hau matakala mai tafiya da lantarki ta gangara da shi dandamalin da jirgi ke tsayawa. Ba taga, ba hasken rana, iska ma sai wadda fanka ta turo ko wadda jirgi ya koro a gabansa. Hayaƙi kuwa, kamar yadda kowace mai girki ta sani, sama yake nufa. To, hanyar da hayaƙi zai bi ya fita ita ce hanyar da mutane za su bi su tsira. Wannan shi ne tushen wahalar, kuma duk wani shiri na kirki daga nan yake farawa.

Matakalar da ta kama wuta a King's Cross ta katako ce, tsohuwa, tana ɗauko mutane daga layin Piccadilly. An hana shan taba a tashoshin ƙarƙashin ƙasa na London tun bayan wata gobara da aka yi a tashar Oxford Circus a 1984, amma mashaya sun saba kunna sigari a kan matakala in sun doshi fita, ba mai tsawata musu. Masu bincike suka gano cewa ashana ce wani ya ƙyasta ya yar, ta zurma ta gefen matakalar, ta faɗa kan giris da ƙura da tarkacen takardu waɗanda suka yi shekara da shekaru suna taruwa ba a share ba.

Yanzu mu bi mintocin ɗaya bayan ɗaya. Ɗan sandan da ya fara ganin wutar yana da rediyon oba-oba, amma ba ta aiki a ƙarƙashin ƙasa, sai da ya hau sama kafin ya iya kiran 'yan kwana-kwana. Ma'aikacin tasha da ya sauka ya duba ya ɗauko tukunyar kashe gobara, ya kasa kusantar wutar. A nan kusa da shi akwai na'urar da aka kafa musamman don ta yi wa matakalar feshin ruwa, amma ba a kunna ta ba, domin ba a horar da shi a kanta yadda ya kamata ba. Manajan tasha yana wani ofis can nesa, labari bai iske shi ba sai da abu ya kusa ɓaci. 'Yan sanda, da kyakkyawar niyya, suka yanke shawarar kwashe mutane daga dandamali, suka karkata su ta matakalar layin Victoria. Ba su san cewa zauren da suke tura jama'a cikinsa shi ne wutar za ta faɗa wa ba. Da ƙarfe 7:45 harshen wuta ya taso ta ramin matakala kamar an buɗe bakin maƙera, ya cika zauren da baƙin hayaƙi. Cikin waɗanda suka rasu har da wani shugaban ayarin 'yan kwana-kwana, Colin Townsley, wanda aka sami gawarsa kusa da ta wata mata da ake jin ya tsaya taimako. Akwai kuma wani dattijo da ba a gane ko wane ne ba sai a 2004. Waɗanda suka rage a can ƙasa, jirage ne suka tsaya suka kwashe su suka yi gaba da su.

Gwamnatin Ingila ta naɗa wani babban lauya, Desmond Fennell, ya shugabanci bincike, ya kuwa miƙa rahotonsa a 1988 ɗauke da shawarwari 157. Masana kimiyya suka gwada abin a kwamfuta, sa'an nan suka gina ƙaramar matakala suka cinna mata wuta, suka gano wani abin da ba a sani ba a da: in wuta ta kama a cikin kwari mai gangare, harshenta kwanciya yake yi a jikin katakon maimakon ya miƙe, ya riƙa gasa matakan da ke gabansa har su kama gaba ɗaya. Wannan ilmi ne sabo, ba za a zargi kowa da rashin saninsa ba. Amma sauran abin da rahoton ya tono ba sabo ba ne, shi ne kuma ya sa shugabannin hukumar biyu suka ajiye aiki.

Rahoton ya nuna cewa hukumar jirgin ta riga ta ɗauka gobara abu ne da ba makawa a tsohuwar tasha. An sha yin ƙananan gobara a matakalu, tunda kuwa ba wadda ta taɓa kashe kowa, sai aka saba. Har kalmar gobara ma ba a so ma'aikata su furta, an koya musu su ce abu yana ɗan hayaƙi. Ƙa'idar aiki ta ce ma'aikaci ya fara gwada kashewa da kansa, kada ya kira 'yan kwana-kwana sai ya ga abin ya fi ƙarfinsa. Injiniyoyin matakala suna ganin lafiyar fasinja aikin masu gudanar da tasha ne, masu gudanar da tasha suna ganin matakala ta injiniyoyi ce. Da aka nemi mutum guda wanda za a ce kiyaye rayukan fasinjoji a wuyansa yake, ba a samu ba. Rahotannin gobarar baya kuwa an rubuta su, an ba da shawarwari, an sa a fayil, an rufe.

Muna roƙon mai karatu ya dubi wannan hali na hukumar London, ya tambayi kansa ko ya yi masa kama da wani ofis da ya sani.

Kada a zaci Turawan Ingila kaɗai suka yi wannan sakaci. Ran 10 ga Agusta 1903, jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris yana da shekara uku kacal, wani jirgi mai taragun katako ya kama wuta. A tashar Couronnes ma'aikata suka ce wa fasinjojin wani jirgin su fita, fasinjoji suka tsaya gardama sai an mayar musu da kuɗin tikitinsu. Suna cikin haka hayaƙi ya kwararo daga rami, fitilu suka mutu, mutane suka yi ta lalube cikin duhu, da yawa suka nufi ƙarshen dandamali inda babu ƙofa. Mutum 84 suka rasu. A Baku, babban birnin Azarbaijan, ran 28 ga Oktoba 1995, jirgi ya kama wuta a tsakiyar rami, aka juya fankokin iska ta fuskar da ta ja hayaƙi zuwa inda mutane ke gudu, mutum 289 suka halaka.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne na birnin Daegu a Koriya ta Kudu, ran 18 ga Fabrairu 2003. Wani mutum ya cinna wa jirgi wuta da fetur a tashar Jungangno. Ɗakin kula da zirga-zirga bai tsayar da jirgin da ke tahowa daga ɗaya ɓangaren ba, aka bar shi ya shigo ya tsaya daura da mai cin wuta. Lantarki ya yanke, jirgin ya kasa tashi. Direba ya ce wa fasinjoji su zauna su jira, yana ta neman umurni daga sama. Daga bisani ya tsere da mabuɗin jirgin a hannunsa, ƙofofi suka kulle da mutane a ciki, mafi yawansu kuwa ba su san inda hannun buɗe ƙofa na gaggawa yake ba. Mutum 192 suka mutu, galibinsu a cikin jirgi na biyun, wanda ba shi aka sa wa wuta ba.

In an jera waɗannan labarai, abu ɗaya ne ke maimaita kansa. A kowanne akwai 'yan mintoci tsakanin ganin hatsari da aukuwar bala'i, kuma a kowanne an ɓatar da su wajen jira: jiran umurni, jiran manaja, jiran a tabbatar ko abin na gaske ne. Shirin kwashe jama'a ba wani abu ba ne illa dabarar hana wannan jira. Tambayoyin da mutum zai tsaya yi a lokacin ruɗani, a riga an amsa su tun ana zaune lafiya: wa zai ba da umurni, ta ina za a fita, wa zai tsayar da jirage, ta wace fuska za a kori hayaƙi, wa zai ɗauki gurgu da makaho da mai goyo.

Akwai wata tsohuwar hujja da manya ke fakewa da ita, wai in an gaya wa jama'a gaskiya za su firgita su tattake juna, don haka gara a yi shiru. Masana sun gwada wannan magana. A tashar Monument ta birnin Newcastle, waɗansu masu bincike biyu, Guylène Proulx da Jonathan Sime, suka shirya atisaye iri-iri ba tare da fasinjoji sun sani ba, suka buga sakamakon a 1991. Da aka kaɗa ƙararrawa kawai, mutane suka ci gaba da tsayuwa suna jiran jirgi, waɗansu ma suna ta shigowa, har aka kusa kwata ɗin awa ba a gama fita ba. Da aka yi magana ta lasifika, aka faɗi cewa ana zaton wuta ce, ga inda take, ga hanyar da za a bi, cikin kamar minti ɗaya jama'a suka kama hanya, ba turereniya. Watau abin da ya fi kashe mutane shi ne jinkirin tashi. Mutum ba dabba ba ne, in ka gaya masa gaskiya a sarari ka nuna masa hanya, zai bi. Turmutsitsi yakan zo ne in an tara mutane a wuri matsattse cikin duhu ba labari, kamar yadda ya faru a matakalar tashar Bethnal Green ta London a 1943, lokacin yaƙi, inda mutum 173 suka mutu ba tare da bam ko ɗaya ya faɗa a kansu ba. Alhazanmu ma ba su manta da ramin Mu'aisim na Mina ba, inda mutum 1,426 suka rasu a 1990.

To, mene ne shiri na kirki? Na farko lissafi ne. Akwai ƙa'idar da aka tsara a Amurka, ana kiranta NFPA 130, wadda ƙasashe da yawa suke bi wajen gina tasha. Ta ce a iya kwashe dukan mutanen da ke kan dandamali cikin minti 4, kuma wanda ya fi kowa nisa ya kai wurin tsira cikin minti 6. Daga wannan lissafi ake fitar da faɗin matakala da yawan ƙofofi. In mai zane ya rage faɗin matakala don a rage kuɗi, ko aka ba wani izinin kafa shago a bakin hanyar fita, to, daga mintocin nan aka yanka, ko da ba wanda ya lura. Na biyu, kowane dandamali ya kasance da hanyar fita fiye da ɗaya, masu nisa da juna, yadda in hayaƙi ya toshe wannan za a bi waccan. Na uku, fitilun nuna hanya su kasance da nasu batir, kada su mutu tare da lantarkin tasha, darasin da Faransawa suka saya da rayuka 84. Na huɗu, kayan da aka yi tarago da tasha da su su zama marasa saurin kamawa. Koriya ta sauya kujerun jiragenta bayan Daegu, London ta yi ta cire matakalun katako har ta cire ta ƙarshe a tashar Greenford a 2014.

Na biyar shi ne wanda ya fi arha, shi ne kuma aka fi yin watsi da shi, watau horar da ƙaramin ma'aikaci da ba shi iko. Ranar da abu zai faru, babban manaja yana gida ko yana taro. Wanda ke wurin shi ne mai duba tikiti, da mai shara, da direba. In an rene shi a kan cewa kowane motsi sai ya nemi izini, in ya san cewa ranar da ya rufe tasha a kan ƙaramin hayaƙi takardar tuhuma zai samu, to, ranar babban hayaƙi ma jira zai yi. Bayan King's Cross an sauya ƙa'ida a London: duk rahoton wuta, kome ƙanƙantarsa, a kira 'yan kwana-kwana nan take. An kuma sa rediyon da ke aiki a ƙarƙashin ƙasa, an tilasta horo da atisaye ga ma'aikata, dokar da aka kafa a 1989 ta mai da waɗannan wajibi. Hukumar da ke son rayukan jama'a su tsira dole ta yarda a riƙa rufe mata tasha a banza lokaci-lokaci, ta kuma yaba wa wanda ya rufe.

Mun san za a ce duk wannan kuɗi ne, ƙasashe matalauta kuwa ba su da shi. Fankoki da matakalu kuɗi ne, ba musu. Amma share giris daga ƙarƙashin matakala nawa ne? Nuna wa ma'aikaci inda makunnin ruwa yake nawa ne? Manna takarda a jikin ƙofa mai bayanin yadda ake buɗe ta da hannu nawa ne? Ingila da Koriya ba talauci ne ya ci su ba. Za a kuma ce rai da ajali, wanda kwanansa ya ƙare ba shirin da zai tsare shi. Mu ma mun yi imani da ƙaddara. Amma tun muna yara aka koya mana cewa a ɗaure raƙumi tukuna sa'an nan a dogara ga Allah, kuma ba mu taɓa jin malamin da ya ce wanda aka ba amana ya yi sakaci ba za a tambaye shi ba.

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba mu da tashar ƙarƙashin ƙasa, amma muna da wuraren da suka yi tarayya da ita a hali: jama'a da yawa, ƙofa ƙalilan. Kowane ɗalibi ya dubi ɗakin kwanansa yau da dare. Tagogi duk an yi musu ƙarfen hana ɓarawo. Ƙofar baya fa, a buɗe take ko an ɗaure ta da sarƙa da kwaɗo, mabuɗin kuma yana hannun wa? Tukunyar kashe gobara da ke rataye a baranda, yaushe rabon da a duba ta, mutum nawa ne a benen suka san yadda ake zare mata fil? Babban zauren lacca da ke ɗaukar ɗaruruwa, ƙofofinsa ciki suke buɗewa ko waje? In wuta ta ɗauke da tsakar dare hayaƙi ya tashi, wa zai tashi waɗanda ke barci, a ina kuma za a taru a ƙirga a ga ko an bar wani?

Saboda haka muna kira ga majalisar ƙungiyar ɗalibai da ta sa wannan magana cikin ajandar zamanta na gaba. A nemi hukumar makaranta ta ambaci jami'i guda, da sunansa da ofishinsa, wanda kiyaye rayuka daga gobara yake wuyansa. A zagaya ɗakunan kwana da zaurukan karatu tare da 'yan kwana-kwana, a rubuta abin da aka gani, a manna a allon sanarwa kowa ya karanta. A riƙa yin atisayen fita sau ɗaya a kowane zangon karatu, har da na dare, a duba agogo a ga minti nawa aka ɗauka. Mu ɗalibai kuma mu daina mai da ƙararrawar gobara abin wasa, mu daina girki da risho da hita a cikin ɗaki, domin mai ƙyasta ashanar King's Cross ma bai yi nufin kashe kowa ba.

Ku kuma 'yan'uwanmu da kuka riga mu kama aikin gwamnati, wata rana fayil zai iso teburinku, na kasuwa ko na tashar mota ko na asibiti, watakila ma na jirgin ƙarƙashin ƙasa in Allah ya kai mu. Za a ce muku a cire matakala ta biyu don kuɗi su isa, ko a ɗage horon ma'aikata sai baɗi. Ku ɗauki alƙalami ku rubuta a fayil ɗin cewa ba ku yarda ba, ku faɗi dalili, ku sa hannu da kwanan wata. Mai yiwuwa a ƙi jin maganarku, amma mai yiwuwa kuma wani na sama ya ji nauyin tsallake abin da aka rubuta baƙi a kan fari. Wanda kuma tafiya ta kai shi ƙasar da ake shiga irin wannan jirgi, ya saba wa kansa duba alamar hanyar fita da hannun buɗe ƙofa duk lokacin da ya shiga, in kuwa ya ji ƙaurin hayaƙi ko aka ce a fita, ya fita, kada ya tsaya neman kuɗin tikiti.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyashe mu da sakaci, ya ba mu ikon riƙe amana. Amin.